Gargaɗi ga angwaye da abokan ango: ku kula da mai sayar da "gezna" ta Instagram

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya same mu a shirin bikin ƙanina ne ya sa na rubuta wannan, domin na san lokacin biki ne, wani ma yanzu haka yana shirin tura kuɗi.

Ni aka ɗora wa fitar da ankon abokan ango, mutum 14, yadi biyar-biyar na kaftani, sai yadi goma na ango saboda babbar riga da 'yar ciki da wando. Muna Kaduna, zuwa Kano kuma ya yi mini nauyi saboda aiki. Sai wani aboki ya turo mini shafin wani mutum a Instagram. Bidiyo ne birjik: shago cike da shadda har rufi, yana cewa a Kantin Kwari yake, kai tsaye daga Ostiriya ake sauke masa kaya, shi ya sa farashinsa bai kai rabin na kasuwa ba. Na san araha ba ta ado, to amma aljihun samari ne, kowa kuka yake.

Ga inda ya ci mu. Da na nuna shakka, sai ya ce: "Yallaɓai, kada ka yarda da maganata. Sayi yadi biyar ka kai wa telanka." Na saya, ya sa a mota, na karɓa a tashar Kawo. Telana, dattijo ne da ya shekara talatin a kan keke, ya murza ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce wannan ta gaske ce. Ashe ƙugiya ce aka sa wa tsutsa. Asara ya yi a kan yadi biyar don ya kwashi kuɗin tamanin.

Na tura kuɗin gaba ɗaya. Sunan da ke kan asusun ba shi ne na shafin ba, ya ce na yaron shagonsa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Kaya suka iso cikin leda mai kyau, ga tambarin zinare a gefen yadi, ga ƙamshi. Malam tela bai ko warware turmin duka ba ya ce, "Alhaji, wannan ba 'yar uwar waccan ba ce." Ya yanki ƙyalle, ya zaro zare ya kyasta masa ashana. Maimakon ya ci ya zama toka kamar yadda auduga take yi, sai ya nannaɗe ya dunƙule kamar an ƙona leda, warin ma na roba. Ya jiƙa ragowar ya cuɗa, da ya bushe ƙyallin nan duk ya tafi, ya koma laɓo-laɓo. Sitaci ne da guga da turare. Gezna ta asali, wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz, auduga ce, kuma ƙyallinta ba ya bin ruwan wanki ɗaya. Tambari da ƙamshi kuwa, kowa na iya bugawa ya fesa.

Na kira mai shafin, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren ɗauri, gobe zai canja. Gobe ta yi, layi a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Dole na yi tafiyar Kanon da nake gudu. Na nuna bidiyon a Kwari har aka kai ni shagon. Shagon na nan, mai shi ma na nan, bawan Allah bai taɓa sanin mutumin ba. Ya ce mutumin ya zo ne a matsayin mai saye, ya roƙi ɗaukar bidiyo wai zai nuna wa ango, kuma ba ni ne na farko da ya zo da wannan kuka ba.

Don haka in ba za ka iya zuwa ba, ka tura ɗan uwa ya tsaya a yanka a gabansa. Ka ce a kira ka ta bidiyo daga cikin shagon a wannan lokacin, ba tsohon ɗauka ba. Samfuri kuma ba shaida ba ne, turmin da za a yanka maka shi za a gwada. Haka hular zanna: ka juya cikinta, aikin hannu ba ya ɓuya, na inji ma haka.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da banki, muna jira. Ango dai na saya masa tasa daga aljihuna, abokai kuma kowa zai sa farar da yake da ita. Shafin ya canja suna shekaranjiya, amma bidiyon shagon nan ne dai a sama, yanzu har da tallan takalma.