Allura ta hau ja: zafin gaske ne ko sensa ce ke ƙarya?

Malam, ka ce Camry ɗinka ƙirar 1999 allurar zafinta tana hawa duk sanda ka maƙale a cunkoson titin Ikorodu. Wani bakanike a Agege ya ce sensa ce, wani kuma ya ce gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji, kana tambayar wa za ka bi. Kafin ka ba kowa kuɗi, duba yadda matsalolin biyu suka bambanta.

Zafin gaske yana hawa ne a hankali, kuma yana bin aikin da inji ke yi: tsayuwa cikin cunkoso, kunna AC, hawan gada da kaya. Kana buɗe bonet hucin zai dake ka, tiyon sama na lagireto ya yi tauri, ruwa na tafasa yana komawa robar ajiya, da safe kuma ka tarar ya ragu. Sensar da ke ƙarya ba ta da wannan tsari. Allura na iya tsalle daga tsakiya zuwa ja cikin daƙiƙa biyu ta dawo, ko ta motsa idan ka faɗa rami ko ka kunna fitila. Ruwan da ke cikin inji ba ya yin zafi da irin wannan sauri. In haka ka gani, waya ce ko soket da tsatsa ta ci, kuma danshin Legas ba ya raga wa soket.

Sai dai inda mutane ke ruɗewa shi ne, motarka ba sensa ɗaya gare ta ba. Akwai mai waya ɗaya, aikinta allura kawai. Akwai mai waya biyu da ke kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto. Idan ta lalace mota na shan mai fiye da ƙima, ta yi baƙin hayaƙi, ta yi gardamar tashi. Sai ta uku a gindin lagireto, wadda ke kunna fanka idan zafi ya haura digiri 90. Wannan ta ukun idan ta mutu, allura gaskiya take faɗa: sensa ce ta lalace, amma zafin na gaske ne, domin fanka ba ta tashi. A kan buɗaɗɗen titi iska na ratsa lagireto da kanta, shi ya sa ba ka ganin komai sai mota ta tsaya. Bayaninka, a nawa ganin, nan ya fi karkata.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka zare soket ɗin na gindin lagireto. A irin waɗannan Toyota fanka za ta tashi nan take. In ta tashi, ita fankar da waya lafiya suke, sai a tuhumi sensar. In ba ta tashi ba, mai wayarin ya duba fiyus da rile da ita fankar. Ta mai waya biyu kuwa da mita ake auna ta: inji na sanyi tana nuna om 2,000 zuwa 3,000, ya yi zafi ta sauko wajen 300.

Shi gaskit yana da nasa shaidun. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa na ɓacewa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa. Bakanike da bai nuna maka ko ɗaya daga ciki ba, kada ka bari ya kwance maka inji. Amma ka sani, in ka ci gaba da tuƙi allura na ja, kan injin alminiyom ne, zai lanƙwashe, maganar bakanike na biyun ta tabbata.

Abu biyu za a ba ka shawara a gareji: a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye. Ni ban goyi baya ba. Tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto, na buɗewa ne wajen digiri 82 don inji ya tsaya a zafin da aka ƙera shi a kai. Cire shi ɓoye ciwo ne, ga ƙarin shan mai. Ka duba murfin lagireto ma, robarsa in ta tsufa ruwa na tafasa da wuri, kuma kada ka kuskura ka buɗe shi inji na da zafi. Ruwan rijiyar burtsatse zalla shi ke toshe lagireto da tsatsa, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman.

In ta tabbata sensar ce, ka tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, da tsohuwar a hannu, domin zare da soket sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Bayan an ɗaura, a fitar da iskar da ta shiga layin ruwa, sannan ka bar inji yana aiki a tsaye har ka ga fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta kafin ka bar garejin.