Kafin ka zaɓi manhajar juya XML, gwada ta da kalmar "kuɗi"

Duk wanda ya tambaye ni wace manhaja ta fi wajen juya fayil ɗin XML (fayil da ake tsara bayanai a ciki da alamomi don kwamfuta ta karanta) zuwa shafin intanet ko PDF, ba na fara masa da maganar sauri ko farashi. Cewa nake ya rubuta "kuɗi" da "ƙasa" da alamar ₦ a cikin fayil ɗin, ya juya, ya duba abin da ya fito. Bara wata Islamiyya a Agege, Legas, ta ba ni aikin fitar da rasit, aka buga, aka raba, sai ga "ku#in makaranta" a hannun iyaye. Shugaban makarantar ya kira ni ya ce, "Malam, iyaye na tambaya ko rasit ɗin nan na jabu ne." Har yau abin na yi mini ciwo, domin mutuncin makarantar aka taɓa.

A wuri biyu haruffanmu masu ƙugiya ke lalacewa, kuma duk a bakin fita ne. Na farko, ko ka rubuta UTF-8 (tsarin adana rubutu da ke ɗauke da haruffanmu) a cikin xsl:output, wato umarnin fitar da sakamako na XSLT, harshen da ake juya XML da shi, umarnin yana aiki ne kawai idan manhajar ce da kanta ta rubuta fayil ɗin. In ka karɓi sakamakon a matsayin zallar rubutu ka adana da hannunka, Java (harshen rubuta manhaja) da ta girmi siga ta 18 a kan Windows za ta yi amfani da tsohon tsarin Windows-1252, wanda babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ₦ a cikinsa, sai ka ga alamar tambaya a gurbinsu. Na biyu, wajen yin PDF da manhajar Apache FOP: zubin haruffan da yake farawa da su, irin su Helvetica da Times, ba su da baƙaƙenmu, shi kuma duk harafin da ya rasa sai ya dasa # a wurin. Wannan ne ya same ni. Maganinsa ka saka masa zubin haruffa irin su Noto Sans ko DejaVu ko Charis SIL, ka sa ya cusa su cikin PDF ɗin.

Ni dai wajen juya XML Saxon nake amfani da shi, kuma shi nake ba kowa shawara. Michael Kay ne ya rubuta shi, mutumin da ya yi editan ƙa'idar XSLT 2.0 ta 2007 da 3.0 ta 2017, kamfaninsa Saxonica yana Ingila. Abin da ya ja ni gare shi xsl:result-document ne: fayil ɗaya mai ɗauke da sunayen ɗalibai duka, sai ya fitar wa kowane yaro nasa daban a juyi guda. Yana fitar da HTML da XHTML da zallar rubutu har da JSON, kuma da xsl:character-map kana iya faɗa masa yadda zai rubuta kowane harafi ɗaya-ɗaya. In kuskure ya faru yana nuna maka layin da dalilin, ba ya barin ka cikin duhu. Saxon iri uku ne: HE kyauta, PE da EE na kuɗi. EE na iya bin ƙaton fayil kaɗan-kaɗan ba tare da ya loda shi duka a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba, amma makaranta ko ɗan kasuwar Mile 12 mai lissafin buhunan albasa bai kai nan ba. HE ta ishe shi, kada ya ƙona kuɗin waje a banza.

Sauran kuwa: Xalan, wanda ke cikin Java tun da daɗewa, yana nan a kan ƙa'idar XSLT 1.0 ta 1999. libxslt da ke ƙarƙashin PHP da lxml na Python yana da sauri ƙwarai, amma shi ma 1.0 ne, haka na .NET. Barin birawuza ta yi juyin kuwa kada ma ka fara, Google ta riga ta sanar za ta cire XSLT daga Chrome.

Inda na fi so a buɗe kunne shi ne wajen masu sayarwa. Akwai wanda zai ce maka, "Oga, ina da Saxon cikakke," ya miƙo filas ya yanka maka farashi. Ko dai HE ce ta kyauta ya sayar maka, ko EE da aka fasa, kuma ba ka san me aka cusa a ciki ba, alhali kwamfutar nan ce ke riƙe da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu. Lasisin gaske fayil ne da Saxonica ke bayarwa da sunan wanda ya saya. In ka buɗe ka ga sunan wani, ba naka ba ne. Ka sauke daga shafin Saxonica ko Maven Central (rumbun manhajojin Java a intanet) kawai.

Akwai kuma mai haɗa manhajar da zai yi maka gwaji da Turanci zalla, komai ya fito tsaf, ka biya. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda in ka kawo ƙorafi sai ya "gyara" ta hanyar mayar da kowane ƙ zuwa k, kowane ɗ zuwa d, a ɓoye. Takarda za ta yi kyau a ido, amma ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata, sunan yaro ya canza a takardar shaidarsa. Na ga an yi wa wani mai shago a Idi-Araba haka, bai gane ba sai bayan wata biyu. Saboda haka kafin ka biya cikon kuɗi, kai ka kawo fayil ɗin gwaji da hannunka, a juya shi a gabanka, ka buɗe PDF ɗin a wayarka ba a kwamfutarsa ba, sannan ka kwafi kalmar daga ciki ka liƙa a WhatsApp ka ga ko ƙugiyar na nan.