Ajin Asabar na Tudun Wada: abin da na samu a darasin Georges Sorel

A wani shago da ke Tudun Wada a Gusau, wanda da rana ake buga takardu da ɗaure kundin ɗalibai a cikinsa, wani dattijon malami da ya yi ritaya, kuma ya daɗe cikin harkar ƙungiyar malamai, yana gudanar da aji kowace Asabar bayan la'asar, inda yakan ɗauki masanin siyasa guda ya shafe mako huɗu a kansa. Na biya kuɗin zagaye ɗaya, wanda bai kai abin da nake kashewa a kan data ta mako biyu ba, aka kuma yi dace zagayen ya faɗo kan Georges Sorel, Bafaranshen da ya shahara da ra'ayin cewa ƙungiyoyin ƙwadago ne za su ƙwato wa ma'aikata 'yancinsu da hannunsu, ba tare da jingina da jam'iyya ko majalisa ba.

Wurin ba shi da wani abin yabo. Benci huɗu ne da allo, fanka kuwa sai an kawo wuta take juyawa, takardun da aka raba mana kuma tawadarsu ta dushe, har sai da na duba na maƙwabcina kafin na tabbatar ko 1892 aka rubuta ko 1897. Kamar da gangan, dukkan shekarun biyu suna da muhimmanci a rayuwar mutumin: a ta farko ya ajiye aikin gwamnati, a ta biyu abokiyar zamansa, Marie David, ta rasu.

Malam ya ba da tarihinsa a natse a makon farko. An haifi Sorel a Cherbourg a 1847, ya yi karatun injiniya a Paris, ya shafe kimanin shekara 25 yana aikin hanyoyi da gadoji, har aikin ya kai shi Aljeriya, ya kuma daɗe a Perpignan. Sai da ya kai shekara 45 ya ajiye aiki ya koma wata unguwa a gefen Paris ya duƙufa kan karatu da rubutu, ya rungumi akidar gurguzu ta Karl Marx, ya tsaya bayan Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, daga baya kuma ya yi tir da yadda 'yan siyasa suka mai da shari'ar tsanin hawa mulki. Malam ya nuna cewa daga nan ne ƙiyayyarsa ga 'yan majalisa irin su Jean Jaurès ta yi ƙarfi, sannan ya ƙara, cikin raha, cewa shi da Sorel sana'arsu ɗaya, domin kowannensu sai da ya ci albashin gwamnati ya ƙoshi kafin ya fara zaginta.

Mako na biyu kaɗai ya isa ya biya kuɗin da na bayar. A littafinsa na 1908 kan tarzoma, Sorel ya gina tunaninsa a kan yajin aiki na gama-gari, ya kira shi da wata kalma wadda ƙamus zai fassara da tatsuniya ko almara. Malam ya rubuta kalmomin biyu a allo, ya ja layi ya soke su, ya ce tatsuniya abin da ake faɗa wa yara ne da dare, kowa ya san ƙarya ce, alhali abin da Sorel ke nufi shi ne hoton da jama'a ke ɗauke da shi a zuci na ranar da kowa zai ajiye kayan aiki lokaci guda, jirgi ya tsaya, injin ya mutu, hukuma ta rasa wanda za ta ba umarni. Ba a tambayar ko ranar za ta zo, domin amfanin hoton yana ga ƙarfin halin da yake bai wa mutum yau, ya jure yunwar ƙaramin yajin aiki, ya ƙi cin amanar ɗan'uwansa. Daga nan ya kawo yajin aikin 1945 na Najeriya, wanda Michael Imoudu da ma'aikatan reluwe suka yi fice a cikinsa, ya kuma ɗauki sama da kwana arba'in, ya ce mu yi tunanin layin dogon da ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda ya yi tsit. Na sha karanta wannan batu da Turanci, amma ban taɓa kama bakin zarensa ba sai ranar.

A mako na uku ne aka zo kan bambancin da Sorel ya yi tsakanin ƙarfin da hukuma ke amfani da shi don ɗora tsarinta a kan mutane, da boren ma'aikata da ke neman rushe wannan tsari. Wata malamar firamare, wadda danginta suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, a gafarce ni, mu nan mun ga abin da makami ke yi idan ya faɗa hannun wanda ke ganin an zalunce shi." Ajin ya yi shiru. Malam ya amsa da cewa Sorel kansa ya kyamaci kisan gillar da aka yi a juyin juya halin Faransa, kuma yana siffanta faɗan ma'aikata da karon runduna biyu wanda babu ramuwar gayya a cikinsa. Hakan Sorel ya rubuta, babu ko shakka, amma a ganina amsar ta yi gajarta, domin mai fatan bore ba shi ke riƙe da linzaminsa ba idan ya ɓarke, kuma a garin nan wannan tambaya ta cancanci zama guda cur.

Babban ƙorafina yana kan mako na ƙarshe. Wajajen 1910 Sorel ya karkata ga masu son maido da sarauta na ƙungiyar Charles Maurras, ya yi rubuce-rubucen ƙin Yahudawa, almajiransa irin su Édouard Berth suka shiga wata da'ira da ta haɗa 'yan ƙwadago da masu tsattsauran kishin ƙasa. Daga baya ya ƙi goyon bayan yaƙin 1914, ya rubuta yabon Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, a 1919, ya rasu a 1922, 'yan makonni kafin Mussolini, jagoran masu tsattsauran kishin ƙasa wanda ke iƙirarin ya koya daga gare shi, ya hau mulkin Italiya. Duk wannan Malam ya tattara shi cikin minti ashirin kafin kiran magariba, kamar mai ɓoye aibin aboki, alhali nan ne ɗalibi zai tambayi dalilin da ya sa tunani ɗaya ya yi wa ɓangarori biyu masu gaba da juna daɗi.

Ɗalibin kimiyyar siyasa ko jami'in ƙungiyar ƙwadago zai amfana da ajin, muddin ya nemi ƙarshen tarihin Sorel da kansa. Na sake biyan kuɗin zagaye mai zuwa, na kuma roƙi mai shagon ya zuba wa injinsa tawada kafin ya buga mana takardun.