Akwatin gwajin dutse mai aman wuta: yana nuna kumfa, amma ya manta da kauri

Wannan akwati da ake samu a shagunan kayan lakwal a Zinder yana ɗauke da ƙaramin dutse na roba, da garin bikarbonat, da jan launi, da kofin awo. Aikinsa ba wuya: cokali 2 na bikarbonat a cikin ramin, a zuba binegar mililita 100, kumfa ta taso ta malalo. Robar tana da ƙwari, tana wankuwa. Bututun ne matsattse. In ba a ɗauraye shi nan take ba, garin ya daskare ya toshe shi.

Babban aibinsa shi ne kowane gwaji iri ɗaya yake fitowa, alhali abin da ke raba aman dutse da aman dutse shi ne kaurin narkakken dutsen. Silika, sinadarin da ke cikin yashi, ita ke ƙara masa kauri. Na basalt, wato baƙin dutsen aman wuta, silikarsa kashi 45 zuwa 52 cikin 100 ce, zafinsa na kai digiri 1200, tsinkakke ne, gas na fita ba tare da cijewa ba. Na dutsen Nyiragongo a Kongo, wanda silikarsa ba ta ma kai ta basalt ba, ya kwarara cikin garin Goma a 2002 kamar ambaliya. Na riyolit kuwa, wani nau'in dutsen aman wuta, silikarsa wajen kashi 70, zafinsa digiri 700 zuwa 800, danƙo gare shi. Gas ya maƙale a ciki, matsi ya taru, sai fashewa. Pinatubo na Filifin, mai narkakken dutse mai kauri, haka ya yi a 1991. Duk wadda ta tsaya kan tukunya ta san wannan: kunu tafasa yake a hankali, talge kuwa tsartuwa yake yana ƙona hannu.

Malamin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, zai iya cike giɓin. A zuba man gyaɗa da zuma da kunun gero mai kauri a kofi uku, a hura kowanne da tsinken roba, ɗalibi ya ji inda numfashi ke cijewa. Sannan a zuba mililita 10 na kowanne a kan allo mai gangara, a auna daƙiƙoƙi. A yi shi da safe, ko a sanyaya zumar a gindin randa, don zafin watan Afrilu na tsinka ta, bambancin ya ɓace.

A saya don ƴan firamare. Ɗaliban lise a kai su gaban manyan duwatsun unguwar Birni a Zinder: garanit ne, narkakken dutse mai silika irin ta riyolit da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa.