Focusrite Scarlett 2i2: Sautinsa Fes, Amma Sai An Sasanta Shi da Windows

Scarlett 2i2 ɗan jan akwatin sauti ne da ake jonawa da kwamfuta ta USB, don shigar da sauti cikinta da fitar da shi. Samfuri na uku, wanda ya fito a 2019, yana da ƙofofi biyu a gaba na makirufo ko jita, biyu a baya na lasifika, ɗaya ta hedifon, sai maɓallin 48V mai ba makirufon kondensa wuta. Yana ɗaukar sauti a bit 24 har zuwa 192 kHz, kuma wutar USB ta ishe shi. Sautinsa ba abin kushewa. Yawancin kukan da ake yi da shi, idan aka bi diddigi, daga saitin kwamfuta yake.

A Mac jona shi kawai za ka yi. A Windows kuwa sai ka sauke manhajar Focusrite Control, domin da ita direbansa na ASIO yake zuwa, wato shirin da ke haɗa akwatin kai tsaye da manhajar haɗa kiɗa. Sabo fil, akwatin yana bayyana kamar filashi, kuma a wannan hali ba ya wuce 48 kHz sai an sa manhajar. Kada ka haɗa shi da direban ASIO4ALL, wannan na na'urorin da ba su da direban kansu ne, a nan rikici kawai zai ƙara maka.

In ka kunna waƙa ka ji shiru, duba ko Windows ta zaɓe shi a matsayin mafitar sauti, sannan ka tuna babban abin murɗawa na lasifika ne, hedifon yana da nasa ƙarami. In kuwa sauti yana fita a manhajar haɗa kiɗa amma YouTube ya yi gum, abu biyu ne. Ko dai manhajar ta kankane akwatin ita kaɗai, sai ka shiga saitin sauti na Windows, shafin Advanced, ka cire alamar da ke ba manhaja damar mallake na'urar. Ko kuma lissafinsu ya saɓa: Windows tana kan 48 kHz, aikinka yana kan 44.1 kHz. Mai da su lamba ɗaya. Saɓanin nan ne ma yakan sa murya ta yi kauri tana jan ƙafa, ko ta sirance tana gudu.

Inda aka fi shan wahala shi ne ƙaras-ƙaras da yankewar sauti. Kwamfuta tana aika sauti ne kashi-kashi, girman kowane kashi shi ake kira bafa. A 48 kHz, bafa 64 ya ba ta kusan milisakan 1.3 ta shirya na gaba, 256 ya ba ta 5.3, 1024 kuma 21.3. Da ta makara ko sau ɗaya, giɓin ne kunnenka yake ji. Sai dai bafa mai girma yana sa sauti jinkiri. Don haka lokacin ɗaukar murya ka tsaya a 128 ko 256, lokacin tacewa ka haura 512 ko 1024, tunda jinkiri ba ya cutar da kai a nan. In har a 1024 bai daina ba, to ba bafa ba ne. Cire akwatin daga marabar USB (hub) ka jona shi kai tsaye jikin kwamfuta, ka gwada wata ƙofa da wata waya. Mai da tsarin wuta na Windows kan cikakken ƙarfi, ka kashe saitin da ke sa ƙofofin USB barci. Sannan ka bar LatencyMon, wani shirin gwada kwamfuta, ya yi aiki na minti goma waƙa tana tafiya. Zai nuna direban da ke riƙe furosesa, sau da yawa na Wi-Fi ne ko na katin hoto.

Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa, na 50 ko 60 Hz, maganar wuta ce. Zare cajar laftof, in ya ɗauke ka gano bakin zaren. Haɗa lasifika da kwamfuta a soket ɗaya, ka yi amfani da wayar TRS mai baƙin zobe biyu, ba wayar jita mai zobe ɗaya ba. Jin muryarka sau biyu kuma, maɓallin Direct Monitor mai dawo maka da ita kai tsaye daga akwatin ne a kunne alhali manhaja ma tana dawo maka da ita. Kashe ɗaya.

Akwai rauni ɗaya da ba laifin Windows ba. Ƙarfin da samfuri na uku yake ƙara wa makirufo 56 dB ne, ga makirufo mai cin ƙarfi irin Shure SM7B sai ka murɗa shi kusan ƙarshe, musamman in mai maganar ba ya ɗaga murya. Samfuri na huɗu na 2023 ya kai 69 dB, an kuma ƙara masa ƙofar wuta ta biyu saboda kwamfutocin da USB ɗinsu ba ya ba da isasshiyar wuta. Mai irin wannan makirufo, gara ya nemi na huɗun.