Sarƙa ko bel: wanne za ka saya don ɗaure kaya a tirela marar bodi?

'Yan uwa direbobi na Damagaram, in kayanka masu nauyi ne irin janareta, rodi ko injin haƙa, ni dai sarƙa nake saya, kuma mai lamba 80, wato lambar da ke nuna ƙarfin ƙarfenta. Mai kaurin mili 10 tana riƙe kusan tan 6 da ɗan wani abu, mai mili 13 tan 10, rana ba ta cin ta, kaifin ƙarfe ba ya yanka ta. Sai ka haɗa ta da abin ɗamewa mai zare wanda ake murzawa a hankali. Wancan mai hannu da ake dannawa da bututu ko kyauta ba na so, tun da ya kuɓce ya cire wa karen motata haƙori.

Bel ɗin ba laifi gare shi a buhunan wake ko siminti, amma a duba ƙyallen da ke ɗinke a jikinsa, shuɗi ne in na foliyesta ne. Wanda ake cewa "tan biyar" in ka karanta LC 2500 za ka gani, wato tan biyu da rabi ne a miƙe. Igiya kuwa a bar wa masu amalanke.

Lissafin shi ne in ka taka birki da ƙarfi, kaya na turowa gaba da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma suna turowa gefe da rabin nauyin. Injin tan 20 ke nan zai nufo kan mota da ƙarfin tan 16, to sarƙa ɗaya za ta yi me?

Yanzu ga masu cuta. Wallahi akwai mai kawo sarƙar ɗaure ƙofa ya fesa mata baƙin fenti ya ce maka 80 ce, alhali ta gaske za ka ga an buga 8 ko 80 a jikin zobban, ka kankare da ƙusa ka duba da idonka. Ƙugiyar da aka yi wa walda ko bakinta ya buɗe, ajiye masa abinsa. Bel marar ƙyalle, ko wanda ya koɗe don ya daɗe a rana gaban shago, ko an ƙulla shi a tsakiya, kar ka biya ko dala. Wasu ma kwali ne kawai ke cewa tan 10, bel ɗin ciki siriri kamar mazagin wando. Kuma ka leƙa zoben da ke jikin tirelar taka, in ya tsage a kai wa mai walda kafin a yi lodi.