Shagon gyaran kwamfuta a Ikeja da ke auna zafi kafin ya ɗauki sukudireba

Masu aiki da laftof a Legas da suka jona mata babban allo domin su huta da sunkuyo sun san wannan matsalar: da zarar an soka wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto zuwa allon, sai fanka ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, ƙasan kwamfutar ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, aikin da ake yi cikin ƙiftawar ido kuma ya koma tafiyar hawainiya. Aikina shi ne riƙe wa wasu dillalan albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 lissafi, kuma jadawalin Excel mai ɗaruruwan layuka ba ya karantuwa da daɗi a allon inci 15, don haka babban allo a wurina kayan aiki ne. Shagon da na kai tawa kwamfutar yana cikin Computer Village, babbar kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Ikeja, a hawa na biyu na wani bene da ke kusa da titin Otigba, kuma ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci a je, ko da yake akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya miƙa kayansa.

Zuwa wurin daga Agege ba shi da wuya, musamman yanzu da jirgin ƙasa na Red Line ke tsayawa a Agege da Ikeja. Wahalar tana bakin kasuwar, inda 'yan kamasho ke tare duk wanda suka gani da jaka suna tambayar abin da ya kawo shi. Wani maƙwabcina da ya haɗa ni da shagon ya ce kada in tsaya da kowa, in kira mai gyaran ya turo yaronsa ya shiga da ni, kuma haka aka yi.

Mai gyaran matashi ne daga Arewa da ya koyi sana'ar a nan Ikeja, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar buɗe kwamfutar ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, bari mu ga abin da take yi tukuna, kada mu yi wa mai lafiya tiyata." Ya sa manhajar HWiNFO, wadda ke nuna zafin kowane sashe da wutar da yake ja, ya bar kwamfutar ta yi aiki ita kaɗai na ɗan lokaci, zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar, yana kaiwa da komowa a wajen digiri 65 a ma'aunin Celsius. Daga nan ya jona ta da allon shagonsa, ya buɗe irin fayilolin da nake aiki da su, sai ga lambar ta haura 90 tana neman 97. Yawancin furosesoshin Intel na laftof an ƙayyade musu iyaka a wajen digiri 100, kuma idan sun kusanci iyakar sukan rage gudu da kansu don kada su lalace, wanda shi ne ainihin dalilin nauyin da mai aiki ke ji a hannunsa.

Sannan ya nuna mini wani layi a manhajar da a dā yake shiru, yanzu kuma ya farka yana jan wuta. Laftof da yawa suna da injin hoto biyu: ƙarami da ke cikin furosesa, wanda ke ɗaukar aikin yau da kullum ba tare da cin wuta sosai ba, da kuma babba na daban, na Nvidia ko AMD, wanda aka tanada don wasanni da zane da tace bidiyo. A irin waɗannan kwamfutoci sau da yawa kafar HDMI a haɗe take kai tsaye da babban injin, saboda haka muddin allon waje yana jone, injin ba zai yi barci ba ko da wasiƙa kawai ake rubutawa. Tunda kuma injinan biyu galibi bututun jan zafi ɗaya da fanka ɗaya ko biyu suke rabawa, zafin ɗaya yana shafar ɗayan. Masu MacBook Pro mai inci 16 na shekarar 2019 sun sha kokawa da irin wannan, domin injin hotonta yakan ja wuta mai yawa da zarar an jona allo murfi yana buɗe. Wannan bayanin ya fi mini komai amfani a ranar, domin ya raba matsalar gida biyu: akwai zafin da ƙirar kwamfutar ke haifarwa, wanda sai dai a rage shi da saiti, akwai kuma zafin da datti da tsufa ke haifarwa, wanda shi ne aikin mai gyara.

A ɓangaren saiti, ya tambaye ni irin allon da nake da shi a gida. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, shi kuwa na 4K mai 3840 da 2160 yana da sama da miliyan 8, wato ninki huɗu, kuma idan allon yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa maimakon sau 60, injin hoton yana ƙara aiki ba tare da mai lissafi ya ƙaru da komai ba. Ya ba ni shawarar in mai da nawa 60, in kuma danna maɓallin Windows tare da harafin P in zaɓi allo na biyu kaɗai duk lokacin da ba na buƙatar ƙaramin. Ya kuma gwada kafar USB-C da wata waya, domin a wasu kwamfutocin ita tana bi ta ƙaramin injin ne, amma a tawa babu bambanci, kuma ya faɗa mini hakan maimakon ya sayar mini da wayar.

Sai bayan wannan duka ya kwance murfin ƙasa, a gabana, ya fara da cire mahaɗin batir. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu akwai wani dunƙulen ƙura mai launin toka da ya daskare ya toshe fiye da rabin hanyar, har sai da ya sa hantsaki ya zaro shi a dunƙule. Ƙurar hunturu da ke isowa Legas daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, da hayaƙin janareta, da damshin iskar bakin teku, su ne ke haɗuwa su yi irin wannan, kuma fanka tana iya juyawa da dukkan ƙarfinta ba tare da iskar ta sami mafita ba. Na lura ya danne fiffiken fankar da yatsa kafin ya hura iska, domin iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da kima ta lalata mata gindi, abin da na sha ganin masu gyara ba sa damuwa da shi. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen jan zafi ya bushe ya tsattsage. Ya goge shi tsaf da sinadarin goge kayan lantarki, ya ɗiga sabo daidai kima a kan injinan biyu, sannan ya ɗaure kusoshin bisa lambobin da aka rubuta a jikin ƙarfen domin matsin ya zauna daidai. Da aka sake gwaji da allo a jone, lambar ta tsaya tsakanin 70 da 80, fankar kuma ta koma ƙarar da mutum zai iya amsa waya a kusa da ita.

Akwai wata dabara da ya nuna mini wadda nake ganin ba kowa za ta dace da shi ba. A saitin wuta na Windows akwai layin da ke ƙayyade iyakar ƙarfin furosesa, kuma idan aka mai da shi 99 daga 100, a kwamfutoci da yawa furosesa yakan daina hawa ƙarin gudun da yake yi lokacin da aiki ya yi nauyi, zafi kuma ya sauka sosai. Ga mai lissafi da rubutu wannan ciniki ne mai riba, amma mai tace bidiyo ko mai zanen gini zai ji ragin a aikinsa. Mai gyaran ya bayyana hakan, ya bar mini zaɓi, kuma na ga wannan ya fi a sauya saitin a ɓoye a ce an gyara.

Shagon yana da nasa rauni. Babu wurin zama sai benci ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta sai an jira an tayar da janareta kafin a ci gaba da gwaji. Ba a rubuta rasiɗi sai mutum ya nema, garantin aikin kuma da baki ake ba da shi, alhali kuwa a kasuwa mai cunkoso irin wannan takarda mai ɗauke da lambar kwamfuta da bayanin abin da aka yi tana kare mai kaya da mai gyara baki ɗaya. Na nemi a rubuta, an kuma rubuta ba tare da gardama ba, amma bai kamata sai an roƙa ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda yaron shagon ya dage sai na sayi faranti mai fanka da ake ɗora laftof a kai, yana cewa shi ne maganin zafi. Irin wannan farantin yana taimakawa kaɗan idan kwamfutar tana shan iska ta ƙasa, amma ba ya cire ƙura kuma ba ya sabunta man da ya bushe. Ɗaga bayan kwamfutar a kan matashi na ƙarfe, da nisantar da ita daga katifa ko darduma, yana yin kusan aikin da farantin ke yi. Maigidansa bai goyi bayansa ba, amma bai hana shi ba.

Game da rufe murfi yayin aiki da allon waje, mai gyaran ya ce in bar shi a buɗe, domin tawa tana fitar da iska ta wajen maƙalar murfin, wasu kuma suna shaƙar iska ta tsakanin maɓallai. Ya duba batirin ya tabbatar bai kumbura ba, tunda zafi mai daɗewa yana rage wa batirin litiyam kwana, kuma batirin da ya kumbura ba a ci gaba da amfani da shi.

Kuɗin aikin bai kai na sabuwar caja ta asali ba, kuma an gaya mini farashin kafin a taɓa kusa ko ɗaya. Wanda kwamfutarsa sabuwa ce kuma garantin kamfani bai ƙare ba, ya fara da saitin allo da na wuta a gida, domin buɗe ta a kasuwa yana iya kawo masa cikas wajen neman haƙƙinsa. Wanda kuwa tasa ta hannu ce, ta kuma shekara biyu ko uku ba a share ta ba, ya kwafi muhimman fayilolinsa tukuna, ya tafi da cajarsa da wayar HDMI ɗin da yake amfani da ita, ya je da safe kafin kasuwa ta cika, ya kuma nemi a nuna masa lambobin zafin kafin gyara da bayansa.